Alhamis Mai Maiƙo a Birnin Warso

Ƙarfe shida na safe bai cika ba muka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Płocka, a unguwar Wola da ke yammacin birnin Warso. Gari bai gama wayewa ba, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Ranar Alhamis ce, 27 ga Fabrairun 2025. Wadda ta yi mini jagora ɗaliba ce 'yar ƙasar Polan da ke koyon Hausa a Jami'ar Warso, kuma tun farkon mako take nanata mini cewa, "Malama, in kika bar Alhamis ɗin nan ta wuce kina ɗaki, to ba ki ga Polan ba."

Mai karatu zai iya mamakin jin ɗaliba Baturiya tana Hausa a can. Jami'ar, wadda aka kafa a 1816, ta daɗe tana koyar da harshenmu a sashen harsuna da al'adun Afirka. A nan Farfesa Stanisław Piłaszewicz ya yi bincikensa a kan adabin Hausa da kan waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, a nan kuma Farfesa Nina Pawlak ta shafe shekaru tana nazarin nahawun Hausa. Ziyarar aiki ce ta kai ni wannan sashe, sai ta faɗo daidai da ranar da mutanen ƙasar ke kira Tłusty Czwartek, wato Alhamis mai maiƙo.

Ita ce Alhamis ta ƙarshe kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40, wanda ke farawa ranar Larabar Toka, ranar da ake sa wa masu ibada toka a ka a coci, ya ƙare a jajibirin Ista. Tunda Ista ba ta da tsayayyar rana a kalanda, ita ma wannan Alhamis tana matsawa gaba ko baya kowace shekara. Abin da aka san ranar da shi kuwa abu ɗaya ne: wani soyayyen abin fulawa mai zaƙi a ciki, da suke rubutawa pączki, ake furtawa ponciki. Wanda ya san fanke ya kama hanya, sai dai ponciki ya kai girman dunƙulen hannu, ƙullinsa ya sha gwaiduwar ƙwai da madara da bota, kuma ana ɗura masa dafaffen 'ya'yan itace ko na fure a tsakiya.

Tun kafin mu karya kwana zuwa titin Górczewska na ji ƙamshin suya. Da muka karya sai ga layin. Ya fito daga bakin wani ɗan ƙaramin shago, ya bi jikin bango, ya wuce gidaje da dama, ya lanƙwashe ya shige wani titin, har ban iya hango ƙarshensa ba. Na gaba-gaba sun zo da kujerun naɗewa da barguna da fulas na shayi, don tun dare suke wurin. Akwai tsofaffi da sanduna, akwai samari masu jakar goyo, akwai masu kwat ɗin ofis da ke ta duba agogo. Masu ɗaukar hoton talabijin suna gefe sun kafa fitilunsu. Shagon iyalin Zagoździński ne, waɗanda suke wannan sana'a a Wola tun 1925, wato a shekarar da na je suka cika shekara 100 cif. Ana ba da labarin cewa har Józef Piłsudski, jagoran da Polan ta sake samun 'yanci a hannunsa a 1918, a wurinsu ake sayo masa. A irin wannan rana suna ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, don na baya su ma su samu. Duk wanda ya fito za ka gan shi riƙe da ƙunshin takarda ɗaure da zare, maiƙo ya fara ɓullowa ta jikinta, yana tafiya a hankali kada ya matse abin da ke ciki.

Ɗalibar ta riga ta gaya mini tun a jirgi cewa nan kallo kawai za mu yi. Mutanen wannan shago da kitsen alade suke suya, smalec a harshensu, kuma ba su ɓoye ba, da shi ma suka yi suna, don haka kakanninsu suka yi. Ni Musulma ce, ba zan ci ba. Amma na ji daɗin wannan gaskiyar tasu ƙwarai, domin baƙo ba abin da yake buƙata a bakin tukunyar wani kamar a gaya masa abin da ke ciki. Muka tsaya a gefen layin, ta shiga hira da wani dattijo mai farar hular ulu, tana fassara mini.

Dattijon ya ce shi layi ba baƙonsa ba ne. A zamanin mulkin kwaminisanci, in ji shi, tun 1976 aka fara raba sukari da kati, a farkon shekarun 1980 kuma nama da bota da fulawa duk suka koma na kati. Mahaifiyarsa kan tara sukari da ƙwai makonni kafin wannan Alhamis don ta soya musu a gida. Ya ce yanzu akwai babban kanti a ƙasan benen da yake zaune, ana sayar da ponciki a can kan kuɗin da bai kai zuloti ɗaya ba (zuloti shi ne kuɗin ƙasar), amma ba zai kai wa jikokinsa wannan ba. Ya nuna ƙofar shagon da sandarsa ya ce mahaifinsa ma a hannun waɗannan mutane yake saye. Sai ya juya ya nuna yamma, can gaba a kan titin, ya yi shiru kaɗan. Ɗalibar ta gaya mini a hankali cewa a farkon Agustan 1944, lokacin boren da mutanen Warso suka yi wa mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun kashe dubun-dubatar fararen hula a wannan unguwa cikin 'yan kwanaki, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka yi kisan yana kan wannan titi na Górczewska. Daga nan na fahimci abin da ya sa shekara 100 ta ƙaramin shago take da nauyi haka a Wola. Kaɗan ne daga abubuwan unguwar suka tsallake shekarar 1944.

Muka yi masa sallama muka hau tiram, jirgin ƙasa na lantarki da ke bin titunan gari. Inda za mu je wani gidan burodi ne na unguwa, a ƙasan wani tsohon bene, inda kakar ɗalibar ke saye. Ba shi da suna a jarida, layinsa ma bai wuce mutum ashirin ba, galibi maƙwabta da suka san juna, ana ta gaisawa. Gilashin tagar ya yi gumi saboda zafin ciki. Da layi ya zo kanmu sai ɗalibar ta yi wa matar da ke kan kanta bayanina, ta ce baƙuwa ce daga Nijeriya, tana da tambayoyi uku. Da wane mai aka soya? Akwai barasa a cikin ƙullin? Me aka ɗura a ciki?

Tambaya ta biyu tana da dalili. A tsohon girkin ponciki ana zuba ɗan cokalin barasa mai ƙarfi a cikin ƙullin, domin in ya shiga mai mai zafi tana saurin tashi ta hana shi shan mai da yawa. Akwai kuma nau'in da ake ɗura wa wani haɗi na ƙwai da barasa da suke kira adwokat, launinsa rawaya, wanda bai sani ba zai ɗauka kastad ne. Duk Musulmin da ya je can ya kamata ya san waɗannan, ya kuma tambaya kai tsaye. Ban ga wanda ya ɓata rai don an tambaye shi ba.

Matar, wadda ta haura shekara hamsin, da gari har a girarta, ba ta amsa da baki ba. Sai ta ɗaga katakon kantar ta ce mu shigo mu gani. Na yi mamaki, don ranar ba ranar ɓata lokaci ba ce gare ta. Ta nuna mini jarkokin man da suke suya da shi, man wani tsiro mai rawayan fure da ake nomawa da yawa a ƙasar, rzepak. Ta ɗauko kwalbar binega ta ce ita da wannan take amfani maimakon barasa, tun daga wurin surukarta ta koya. Ta ce in bar na rawaya, in ɗauki na wardi.

A wannan ɗan ɗakin bayan kanta na ga ainihin aikin ranar. Mutum huɗu ne a ciki, kuma tun yammacin Laraba ba wanda ya runtsa. Wani saurayi yana yanka ƙulli yana aunawa a sikeli, wata yarinya tana mulmulawa da hannu biyu a lokaci guda, kowane tafi da curinsa, tana jerawa a kan katakon da aka barbaɗa wa gari. Ana rufe su da ƙyalle a ajiye kusa da murhu su tashi. Maigidan matar shi ke kan suya. Yakan ɗauki curi ya taɓa shi da yatsa, in wurin ya dawo a hankali sai ya sa a mai, in bai dawo yadda yake so ba ya mayar. Da dogayen tsinkaye biyu na katako yake juya su, ɗaya bayan ɗaya, da saurin da ido ba ya iya bi. Curin da ya tashi sosai ba ya nutsewa, yawo yake a saman mai, saboda haka bayan an soya gefe biyu sai ka ga wani farin zobe ya kewaye tsakiyarsa inda mai bai taɓa ba. Matar ta ɗauko ɗaya ta bi zoben da ɗan yatsa ta nuna mini. Ta ce da wannan ake gane na kirki. In babu zoben, an gaggauta ƙullin ko an cika masa nauyi.

Da an tsame, tun da zafinsa, sai a soka masa bakin wani ƙarfe mai kama da sirinji a ɗura abin zaƙin. Wasu gidajen kafin suya suke naɗe shi a cikin ƙullin, kuma masu wannan ra'ayi da masu wancan kowa na ganin nasa ne daidai. Daga nan a tsoma saman a ruwan sukari, a yayyafa ɓawon lemon zaƙi da aka yanka ƙanana aka dafa a sukari.

Ta miƙo mini ɗaya a kan 'yar takarda. Bai da nauyi ko kaɗan idan aka dubi girmansa. Sukarin saman bai gama daskarewa ba, yana manne wa yatsa. Na yi bisimilla na gatsa. Ɓawon siriri ne, cikin kuwa laushi, rawaya-rawaya saboda ƙwai, kuma shi kansa ƙullin ba shi da zaƙi sosai. Sai a gatsa ta biyu na iso tsakiya. Furen wardi ne aka kirɓa da sukari, ja mai duhu, da ɗan tsami-tsami da ɗan ɗaci can ƙasa, ƙamshinsa yana hawa har hanci. Ɓawon lemon ya zo ya yanke zaƙin. Na matsa gefen da na gatsa da yatsa, ya lotsa, ya dawo yadda yake. Ban taɓa sanin ana cin fure haka ba, kuma har yau in na ji ƙamshin wardi wannan ɗaki nake tunawa. Matar tana tsaye tana kallon fuskata, da ta ga na gyaɗa kai sai ta yi dariya ta koma kan kanta.

Na sayi kwali biyu, ɗaya na wardi zalla, ɗaya haɗe da na powidła, wani baƙin dafaffen ɗan itace da suke kira śliwka wanda ake dafawa sa'o'i har ya yi kauri. Kowane ɗaya zuloti shida. Ta ƙara mini ɗan ƙunshin faworki, siraran fulawa da ake murɗawa a soya su yi ƙarau, a barbaɗe su da garin sukari. Shi ma abincin ranar ne, amma ponciki ya danne shi.

A tiram ɗin komawa kusan kowa da kwalinsa a cinya. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a ranar, fiye da ɗanɗanon ma. Da wuya ka ga mai sayen guda ɗaya. Ana saye ne don a kai wa wasu: shugaba ya kai wa ma'aikatansa, ɗa ya biya ta gidan tsohuwarsa, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Suna da camfin cewa wanda bai ci ko ɗaya ba a wannan rana ba zai ga sa'a ba a shekarar. Ban ga wanda ya ɗauki camfin da gaske ba, amma ya zama hujjar da kowa ke tura wa ɗan'uwansa faranti.

Ɗalibar ta ba ni tarihin abin muna tafe. Azumin mutanen Polan na dā ba wasa ba ne. Ƙasar ta karɓi Kiristanci a 966 zamanin Mieszko na Ɗaya, kuma wani limamin Jamus mai rubuta tarihi, Thietmar, ya rubuta cewa a zamanin ɗansa Bolesław ana fasa haƙoran wanda aka kama yana cin nama a lokacin da aka hana. Ƙarnuka da dama mutane kan bar nama da kitse, da yawa har da ƙwai da madara, tsawon azumin, su koma kan kifin gishiri da wata miya mai tsami ta gasarar hatsi da suke kira żur. Saboda haka kafin azumi ya kama dole a cinye abin da ke rumbu na kitse da ƙwai da bota kada ya lalace. Ponciki na farko ma ba mai zaƙi ba ne, ƙullin burodi ne da ake cusa wa kitse. Wani limamin coci na ƙarni na 18, Jędrzej Kitowicz, wanda ya rubuta al'adun zamanin Sarki Augustus na Uku, ya ce na dā saboda tauri in aka jefi mutum da shi a ido sai wurin ya yi baƙi, na zamaninsa kuwa saboda rashin nauyi iska na iya ɗauke shi daga faranti. Yis mai kyau da gari mai laushi ne suka kawo wannan canji.

Yau azumin Katolika ya yi sauƙi. Rage ci ake yi ranar Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista, a bar nama kowace Juma'a, sauran kuma kowa ya zaɓi abin da zai ƙaurace wa, wani kayan zaƙi, wani barasa. Matasa da yawa a Warso ba sa yin ko wannan, ɗalibar ma ta ce ita kakarta ce mai yi sosai. A ganina wanda zai yi azumin ya fi kowa jin daɗin wannan Alhamis, don shi ne ya san me yake yi wa bankwana. Wataƙila na ji haka ne saboda halin da nake ciki a ranar, domin mu ma muna jiran ganin watan Ramadan, wanda daga baya Sarkin Musulmi ya sanar cewa zai kama ranar Asabar, 1 ga Maris.

Muka sauka a shataletalen da aka sa wa sunan Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, inda wata bishiyar dabino ta roba ke tsaye a tsakiyar titi tun 2002, muka bi titin Nowy Świat da ƙafa. A nan shagon Blikle yake, wanda Antoni Blikle ya buɗe a 1869, shagon da ya fi kowane suna a harkar ponciki a ƙasar. De Gaulle ya zauna a wannan titi yana matashin hafsa cikin tawagar sojan Faransa wajen 1920, kuma an san shi da zuwa shagon. Ginin ya rushe a 1944 aka sake gina shi bayan yaƙi. Layin nan ya sha bamban da na Wola, 'yan yawon buɗe ido sun fi yawa, kwalayen ma masu ado ne. Ba mu tsaya ba, kwalayenmu na hucewa.

A sashen, teburin ɗakin malamai ya riga ya cika da kwalaye daga shaguna daban-daban, ana ta gardamar na wa ya fi. Wani malami ya ce 'yan Polan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, a Shikago da garin Hamtramck kusa da Detroit, ranar Talata suke nasu bikin, jajibirin Larabar Toka, kuma suna ɗura abubuwan da shi bai yarda ponciki ba ne. Ɗalibai suka yi ta tambayata da Hausa, "Malama, guda nawa kika ci?" Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, ba tare da na roƙa ba, suka ware kwalina gefe guda suka rubuta a jikinsa cewa da man tsiro aka soya, don wani ɗalibi Musulmi da ke sashen shi ma ya samu na ci. Kafin azahar babu ko ɗaya a teburin, sai garin sukari a kan takardu.

Ranar Talata aka yi abin da suke kira śledzik, cin kifin gishiri na bankwana da kwanakin shagali. Ranar Laraba da yamma na bi ta gaban cocin Święty Krzyż a titin Krakowskie Przedmieście, inda aka adana zuciyar mawaƙin fiyano Chopin a cikin ginshiƙi, na ga mutane na fitowa da toka a gashin kansu. A Polan a ka ake barbaɗa ta, ba a goshi ake shafawa ba.

Washegari na koma gidan burodin ni kaɗai, ina da azumi a baki, don in sayi abin shan ruwa. Babu layi. Ponciki tire ɗaya ne kawai a ƙarshen kanta, sauran wurin burodin hatsi ya cika shi. Matar ta gane ni. Da 'yan kalmomin da na koya da kuma nuni da hannu na gaya mata ni ma azumi nake, sai rana ta faɗi zan ci. Ta nuna agogon bango tana tambayar ƙarfe nawa, na nuna mata kusan biyar da rabi. Ta ce na wardi ya ƙare, kuma daga yanzu har Ista kaɗan za ta riƙa soyawa, don masu sayenta tsofaffi ne, sun daina. Ta zuba mini na powidła da suka rage, ta ɗaure kwalin da zare ta yi masa mariƙi. Na biya, na hau tiram zuwa masallacin da ke Ochota, inda muke haɗuwa shan ruwa da ɗalibai 'yan Masar da Turkiyya da wasu 'yan Nijeriya, aka yanka kowane gida biyu don ya isa.